Taku Arba'in Da Ban Yashe Ba

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙarfina, bakina kuma ya fi ƙarfin nawa kaifi, na yi wa mahaifiyata wani abu a gonarmu ta noman rani wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na daɗe ina son ba ku labarin, kunya ce take riƙe ni. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, na ga gara in faɗa da bakina, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure. Gidajen Kirista a garin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, majami'armu ma ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Amma a gona ba mai tambayar addinin wani, ruwa ɗaya ne yake shayar da mu duka. Ga wanda bai san tsarin ba, ruwan yakan taso daga dam ya bi babban kanal, a rarraba shi zuwa ƙananan kanal, daga nan ya shiga 'yar hanyar ƙasa da take ratsa gonaki layi-layi. Ƙa'idar ita ce kowane manomi shi zai yashe hanyar da ta bi ta gefen gonarsa, ya kwashe laka, ya sare kacala, wato doguwar ciyawar nan mai taurin kai da take toshe ruwa. Gonarmu ce ta ƙarshe a layinmu. Sai kowa ya sha sannan ya iso mana, kuma rabonmu na yasa ya fi na kowa tsawo.

Mahaifina dattijo ne a ikilisiya, manomin shinkafa kuma na gani na faɗa. Yana da wani iri nasa da ba a sayar da shi a kasuwa. Duk kaka, kafin lauje ya shiga gona, sai ya ɗauki 'yar wuƙa ya bi kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a ɗakinsa. Ya fi shekara ashirin yana haka, har shinkafar ta zama tasa, mai jure ƙishi, mai auki a tukunya. Mutane kan zo roƙon ko da cikin tafin hannu ne. A gida Irin Baba muke ce mata. Kuma duk ranar da zai jiƙa iri sai ya tara mu ya tuna mana da alkawarin da Ubangiji ya yi bayan ruwan Tufana, cewa muddin duniya tana nan, lokacin shuka da lokacin girbi ba za su ƙare ba. Na ji maganar har na haddace, kamar yadda yaro yake haddace hanyar rijiya ba tare da ya taɓa tunanin wanda ya haƙa ta ba.

Sai ciwo ya kwantar da shi tun farkon damina. Mun yi addu'a iyakar addu'a. Fasto ya zo, matan zumunta suka yi ta zarya, ni kuwa na yi azumi, na bi Littafi Mai Tsarki ina tsinto duk wani alkawari na warkarwa ina karanta masa a kunne. Ban taɓa shakka ba, ko sau ɗaya. Har ce wa ƙannena nake su daina kuka, Baba zai tashi ya zaɓi irinsa da hannunsa. Ana gama girbi ya rasu.

Ban daina zuwa sujada ba, don kada a yi da ni. Nakan zauna a bencin baya, in ana waƙa in motsa baki. Amma a cikin raina na yi fushi da Allah, fushi irin na wanda ya ba da amana aka bar shi tsaye a rana. Na yanke wa kaina hukunci cewa daga yanzu ba zan ƙara sa rai ga abin da ban gani da idona ba. A lokacin gani nake wayo ne na yi.

Da yake Baba bai samu zaɓen iri a wannan kakar ba, abin da ya rage a ɗakinsa tiya biyu ne kacal. Da sanyi ya fara ja baya, ni da Inna muka jiƙa shi duka, muka yafa a fangali huɗu, wato 'yan kwamin renon iri, a bakin gona, da niyyar in ya tasa mu yi dashe. Ba mu rage ko ƙwaya ba. Ya fito kuwa kore shar, har masu wucewa suna tsayawa su yi wa Baba addu'a, kowa da irin tasa.

Yana da mako biyu aka wayi gari ba ruwa. Babban kanal ya ɓalle can sama da mu, aka rufe don a gyara. Masu kula da ruwa suka aiko cewa kwana goma ne. Shugaban manoman layinmu ya bi gida-gida yana cewa kowa ya yi amfani da wannan dama ya yashe rabonsa, domin in ruwa ya dawo ba za a sake shi yadda aka saba ba. Rabawa za a yi, kowane layi ya samu daga safe zuwa azahar, sannan sai bayan mako guda. Wanda ruwa ya tarar da hanyarsa a toshe, ya yi kuka da kansa. Tamu hanyar kuwa tun kwanciyar Baba ba wanda ya sa mata shebur, da ƙyar ma ruwan yake sulalowa ta cikin kacala.

Kwana goma suka cika, shiru. Aka ce a ƙara mako. Makon ya wuce, aka ce kayan aiki ne ba su iso ba. Zafi ya fara, ƙasa ta tsattsage. Masu injin ban ruwa suka koma ja daga rijiya, mu ba mu da shi. Akwai wani ɗan kududdufi da ya rage a magudanar da ke bayan gona, nan Inna take ɗebo ruwa da bokiti safe da yamma tana yayyafa wa irin, don dai ya riƙe rai. Ina taya ta wannan, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, domin ruwan bokiti ina ganinsa da idona. Yasa ce na ce ba da ni ba. Na zama mai wa'azi a teburin mai shayi, ina bayyana wa duk mai kunne cewa ruwan nan ba zai dawo ba sai damina, masu yashe busasshiyar hanya kuma aikin banza suke. Na iya magana, har wasu suna gyaɗa kai.

Wata safiya na je gona na tarar da Inna a cikin hanyar ruwa, ta ci ɗamara da gyale, tana riƙe da shebur ɗin Baba. Ta faro daga sama, daga iyakarmu da maƙwabci, tana gangarowa. Lakar ta bushe ta yi tauri, sai ta daka da fartanya sannan ta kwashe. Mace ce da ta haura sittin. Maimakon in karɓi shebur ɗin, sai na tsaya a kan kunya na riƙe ƙugu.

Na ce, "Inna, wai wa kike yi wa wannan wahalar? Mutanen da suka ce kwana goma, suka dawo suka ce mako, su kike jira?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba su nake jira ba. Su ma jira suke yi. Wanda ya ce shuka da girbi ba za su ƙare ba, shi nake gyara wa hanya."

Nan na faɗi maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce, "Ai shi ne kuma ya ce mu roƙa za a ba mu. Mun roƙa. Ina Baba?"

Ta dakata. Ta jingina da shebur ɗin ta sunkuyar da kai, har na fara jin tsoron abin da na yi. Da ta ɗago, idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa.

Ta ce, "Wannan ban sani ba, ɗana. Ni ma na tambaye shi, bai ba ni amsa ba tukuna. Amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Matsa, kana tsaye a inda zan zuba laka."

Na matsa. Abin da na yi ke nan, na matsa, na koma gida.

Kwana takwas ta yi tana wannan aiki, kullum tana cin 'yan takunta. A rana ta tara bayanta ya riƙe, ko sunkuyawa ba ta iya yi, sai da ƙanwata ta yi ta gasa mata da ruwan zafi. Na je na duba inda ta tsaya. Daga nan zuwa bakin fangalinmu na auna da ƙafata, taku arba'in ne, kuma nan ne kacalar ta fi kauri. Aikin yini guda ne ga mai ƙarfi irina. Da na dawo ta kira ni, tana kwance a tabarma, ta ce in taimaka in ƙarasa mata. Sau ɗaya ta roƙa, ba ta maimaita ba. Na ce to, gobe.

Ba lalaci ba ne, ko da yake da lalacin ne da ya fi mini sauƙin faɗa. Tsoro nake ji. Na san in na ɗauki shebur ɗin nan na shiga busasshiyar hanya, to na sake sa rai ke nan, ni kuwa na ɗanɗana yadda ake ji in an sa rai abu bai zo ba. Na gwammace in zauna da fushina, ya fi mini daɗin riƙo.

Maƙwabcinmu na sama wani dattijo ne mai makarantar Islamiyya, aminin Baba tun suna samari, kowa Malam yake ce masa. Ya tare ni a hanya ya tambayi jikin Inna, sannan a hankali ya ce ya ga saura kaɗan a rabonmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce in na shirya in gaya masa, zai zo da fartanyarsa mu yi tare. Na ce ya bar shi kawai, ai ba wani aiki ba ne, zan yi. Girman kai ya hana ni karɓar taimako, taurin kai ya hana ni yin aikin. Goben nan ta zama jibi, jibi ta zama gata.

Ranar da abin ya faru na tafi Kura da sassafe, wajen injin casar shinkafa inda nakan yi ɗan aikin lodi. Ba a fara aiki ba, sai na zauna shan shayi, na kuma buɗe wa'azina na kullum. Ina tsakiyar bayani wani mai babur ɗan garinmu ya tsaya, ya dube ni da mamaki, ya tambaye ni me nake yi a nan alhali an saki ruwa tun asuba, kuma layinmu aka fara ba. Ban san inda na ajiye kofin ba. Na haye bayansa, duk tsawon hanya ina kallon rana ina lissafin abin da ya rage kafin azahar.

Tun daga nesa na ga kanal ya cika, mutane sun bazu a gonaki, ana ta kiran juna. Na bi layinmu da gudu. Ruwan ya wuce gonar Malam, ya shiga rabonmu, yana tafiya sumul a inda Inna ta yashe, ba abin da ya tare shi. Da ya iso inda ta tsaya sai ya ci karo da kacala da busasshiyar laka, ya taru, ya kumbura, ya fasa kunya ta gefe, ya kwarara cikin magudana yana tafiya a banza. Ga fangalinmu can gaba kaɗan, irin ya yi rawaya ya lanƙwashe.

Inna tana cikin ruwan har gwiwa. Matar da jiya ba ta iya sunkuyawa, ta rarrafo ta zo, tana tumɓuke kacala da hannu, ganyen ya yayyanka mata yatsu. Da ta gan ni, shebur ɗin kawai ta miƙo mini.

Ban taɓa aiki irin na ranar ba. Na fara toshe inda ya fashe, sannan na auka wa kacalar. Wanda bai taɓa haƙo saiwarta ba ba zai gane ba, a sarƙe take a ƙarƙashin ƙasa, ka ja ɗaya goma su riƙe ta. Abin da zan yi cikin natsuwa a bushe, yanzu ina yin sa cikin taɓo, ruwa yana mayar da lakar da na kwashe. Can sai ga Malam ya naɗe wandonsa ya shigo da fartanya. Kafin ya zo ya riga ya toshe bakin gonarsa da laka, alhali tasa shinkafar ba ta gama sha ba, don duk abin da ya rage ya gangaro mana. Bai yi mini gori ba, ko kallon gori bai yi mini ba. Ya kama daga ƙasa, na kama daga sama, muna haƙa muna nufo juna.

Rana ta take tsaka muka haɗe. Ruwan ya bi ta tsakanin ƙafafunmu ya shiga fangali na farko. Ƙasar ta bushe ƙwarai, sai da ta daɗe tana sha kafin ruwa ya kwanta a kanta. Ya cika, na buɗe na biyu, ya ɗan jiƙa bakinsa. Sai na ga gudun ya fara raguwa. Daga masallacin ƙauye muka jiwo kiran sallar azahar, an rufe ƙofar layinmu an buɗe wa na gaba. Na ruga wajen mai kula da ƙofar na roƙe shi ko rabin awa ne. Ya ce yana jin tausayina, amma mutanen layi na gaba su ma amfaninsu mutuwa yake, kuma su sun yashe tasu hanyar. Gaskiya ya faɗa.

Na dawo ina jan ƙafa. Malam ya tafi salla. Inna tana zaune a kan kunya, zanenta jiƙe da taɓo, hannuwanta a kan cinya suna ɗigar jini kaɗan-kaɗan. Na durƙusa a gabanta ina jiran faɗa. Wallahi so nake ta zage ni, ko ta mare ni, da na samu sauƙi. Amma ba ni take kallo ba, fangalin da ya sha take kallo, fuskarta a sake kamar wadda baƙon da ta daɗe tana jira ya yi sallama.

Ta ce, "Ka ga ya zo?"

Nan na fashe da kuka, kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba. Na ce ta yafe mini. Ta ɗora hannunta mai taɓo a kaina ta ce ta yafe tun kafin in tambaya, amma akwai wanda na fi daɗewa ina gaba da shi, in je mu shirya.

Kududdufin bayan gona ya riga ya ƙafe, ruwan da ya kwarara magudana ma ya wuce abinsa, ba abin da za mu ɗebo. Kafin layinmu ya sake zagayowa bayan mako guda, fangali uku sun ƙone ƙurmus. Ɗaya ne ya rayu. Da shi muka dasa kusurwa ɗaya ta gonar, sauran muka bar ta haka nan. Shekarar ta yi mana wuya, sai da muka ci tuwon masara har muka manta ɗanɗanon shinkafa. Da kaka ta zo, ni na ɗauki 'yar wuƙar Baba na bi kusurwar nan ina zaɓen zangarniya. Irin bai ɓace ba, amma saura ƙiris, kuma ba don ni ba.

Ban koma ga Ubangiji rana ɗaya ba, a hankali na lallaɓo. Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa alkawarin Allah da sanarwar masu kula da ruwa abu ɗaya ne. Mutum yakan ce kwana goma ya saɓa. Abin da na gane shi ne, duk mutanen da Littafi ya ba da labarin an yi musu alkawari, ba a faye gaya musu rana ba. Wasu sun tsufa suna jira, wasu sun mutu ba su gani da ido ba, amma suka ci gaba da yin abin da ke gabansu kamar gobe zai cika. Dā ina tsammani bangaskiya ita ce zuciyarka ta cika da tabbaci, ka ji ba ka da sauran tambaya. Inna tana da tambayar da ba a amsa mata ba, irin tawa sak, mijinta ne ya mutu. Da tambayar a ranta ta shiga busasshiyar hanya da shebur.

Har yau ban san dalilin da ya sa Baba bai tashi ba. Na daina neman sai an ba ni amsa kafin in yi biyayya. In na ji addu'ata ta bushe, in na buɗe Littafi na ji kamar ba da ni yake magana ba, nakan yi addu'ar duk da haka, in je sujada duk da haka, in nemi wanda na ɓata wa mu shirya. Ba kullum nake jin daɗin yi ba. Amma na taɓa ganin abin da yake faruwa in alheri ya iso ya tarar ba a shirya masa ba, ba na fatan sake gani.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai har yanzu. A wannan shekarar, duk wanda ya tambayi Inna me ya sa gonar dattijo ta zauna rabi a bushe, sai ta ce ai mu ne na ƙarshe a layi, ruwa bai iso mana da wuri ba. Haka ta gaya wa fasto, haka ta gaya wa 'yan'uwan Baba, har ƙannena haka suka sani. Malam ma bai taɓa buɗe baki ba. Su biyun sun rufa mini asiri har suka koma ga Mahaliccinsu, ni kuma na yi shiru na bar ruwa ya ɗauki laifina shekara da shekaru.

To yau na gyara maganar, kowa ya ji. Ruwa ya iso, kuma da wuri ya iso. Taku arba'in ne suka rage, kuma ni ne ban yashe su ba.